Neman kalmar Hausa: me za mu kira "gene"?

Malamin kimiyya, Agege:

Assalamu alaikum. Ina koyar da ilimin halittu a wata makarantar sakandare a nan Agege, kuma da yamma nakan zauna da yaran unguwarmu masu shirin jarrabawar fita in maimaita musu darasi da Hausa. A makon jiya muka iso babin gadon halitta, sai na ji kaina ina kiran abubuwa uku mabambanta da suna ɗaya. Na ce an gina jikin mutum da ƙwayoyin halitta, na ce a cikin kowace ƙwayar halitta akwai ƙwayoyin halitta kusan 20,000, sannan na ce da gwajin ƙwayoyin halitta ake gane uban yaro. Wata yarinya ta ajiye alƙalaminta ta ce, "Malam, to wacce ce a cikin wacce?" Gaskiyarta ce, domin haka muke ji a rediyo kuma haka muke karantawa a jaridu: abin da Turawa ke kira cell, da gene, da DNA, duk mun zuba su a ƙwarya ɗaya.

Wanda ya fi damuna shi ne na tsakiyan, don haka bari in faɗi abin da ake nufi da shi kafin mu nema masa suna. Tsakanin 1856 da 1863, wani malamin coci mai suna Gregor Mendel, a garin Brno da ke ƙasar Cek ta yau, ya yi ta haɗa barbarar wani irin wake na ƙasarsu. Da ya haɗa dogo da gajere, 'ya'yan farko duka suka fito dogaye, kamar gajarta ta ɓace. Da ya bar waɗannan suka yi barbara a tsakaninsu, sai gajarta ta dawo a jikoki, kusan ɗaya cikin kowane huɗu. Daga nan ya fahimci cewa siffofin iyaye ba sa gaurayuwa kamar fura da nono. Akwai wani abu guda-guda da ke ratsa zuriya ba tare da ya narke ba, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba, kuma yana iya kwanciya shiru a wannan tsatson ya tashi a na gaba. Ya buga sakamakonsa a 1866, ba a kula shi ba sai a 1900, bayan rasuwarsa. A 1909 ne wani masanin tsirrai ɗan ƙasar Denmak, Wilhelm Johannsen, ya raɗa wa wannan abu sunan da muke nema wa fassara.

Aron kalmar kai tsaye ba zai yi mana ba, saboda idan muka rubuta ta yadda ake furta ta, "jin" za ta zama, mai karatu kuma zai ɗauka jin magana ake nufi ko jin daɗi. Shawarata ita ce mu bar wa cell sunan "ƙwayar halitta", tunda mun riga mun saba da "jajayen ƙwayoyin jini", mu kira gene "ƙwayar gado". Ina neman gyara daga malamanmu.

Malamin Islamiyya, Obalende:

Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah ya yi wa wannan ƙoƙari albarka. Kalmar gado ta dace ta fuskar asali, domin Larabawa ma daga tushen "wirasa" suka ciro sunan wannan ilimi, suka kira abin da kake magana a kai "muwarrisa", wato mai gadarwa. Mu ma mun daɗe muna cewa wane ya gado hancin kakarsa, ko ciwon nan na gado ne, kuma idan ɗa ya saɓa wa iyayensa mukan ce albasa ba ta yi halin ruwa ba.

Sai dai ina da tsokaci biyu. Na farko, gado a kunnen Bahaushe Musulmi dukiyar mamaci ce da ake rabawa bisa ƙa'ida, inda ɗa namiji ke ɗaukar rabon mata biyu, don haka mai sauraro zai iya zaton cewa rabon uba a jikin yaro ya fi na uwa. Na biyu, a rubuce ba a bambanta gadon da ake ci da gadon da ake kwanciya a kai, ita kuma ƙwaya a bakin matasan yau ta fi karkata ga abin haɗiya. Idan aka rubuta "ƙwayar gado" a bangon asibiti ba tare da bayani ba, wani zai karanta abin da ba shi aka nufa ba. Me zai hana mu duba "jijiya"? Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa wani mutum ya zo wa Manzon Allah (SAW) yana shakkar ɗan da matarsa ta haifa baƙi, sai Annabi ya tambaye shi launin raƙumansa, ya ce jajaye ne. Ya tambaye shi ko akwai mai ruwan toka a cikinsu, ya ce akwai. Da aka tambaye shi daga ina wannan launi ya zo, sai ya ce wataƙila wata jijiya ce ta fizgo shi, Annabi kuwa ya ce masa wataƙila ɗansa ma jijiya ce ta fizgo shi. Wannan ai shi ne gajeren waken da ya ɓuya ya dawo a jikoki.

Malamin kimiyya, Agege:

Allah ya gafarta Malam, wannan hadisi zan riƙa buɗe darasin da shi daga yau, domin ya fi waken Mendel kusa da zukatan yaranmu. Amma "jijiya" ta riga ta yi nauyin kaya: da ita muke kiran hanyar jini, da ita muke kiran wayoyin da ke kai saƙo ƙwaƙwalwa, da ita kuma muke kiran abin da ke ɗaure tsoka da ƙashi. Idan muka ɗora mata na huɗu, mun koma inda muka baro. Wani abokin aikina ya kawo "iri", sai dai iri a wurin manomi shi ne ƙwayar hatsin gaba ɗayanta, alhali abin da muke nufi ɗan ƙanƙanin umarni ne guda daga cikin dubbai da ke cikin irin.

Abin da ya ƙara zaunar mini da "ƙwaya" shi ne carbi. A tsakiyar kusan kowace ƙwayar halitta ta jikin mutum akwai zarurruka 46, waɗanda Turawa ke kira chromosome, an jera su biyu-biyu har tagwaye 23. Rabin kowane tagwaye daga uwa yake, rabi daga uba, kuma a nan ne rabon ya bambanta da na mirasi, domin uwa da uba kowa 23 yake bayarwa, ga ɗa namiji da ɗiya mace baki ɗaya, kuma suna bayarwa ne suna raye ba tare da nasu ya ragu ba. A jikin waɗannan zarurruka aka jera ƙwayoyin gado kamar ƙwayoyin carbi, kowace da mazauninta sananne, ko da yake akwai dogayen tazarori a tsakaninsu waɗanda carbi ba shi da su. Saboda haka nake ganin mu kira chromosome "zaren gado". Shi kuwa DNA, wanda masana kimiyya Watson da Crick suka bayyana siffarsa ta tufkakkiyar igiya a 1953 bisa hotunan da suka haɗa da na ɗakin binciken Rosalind Franklin, shi ne sinadarin da aka yi zaren da shi, kuma rubutu ne da haruffa huɗu kacal, A, T, G da C, kimanin biliyan 3 a kaso ɗaya da yaro ke samu daga kowane mahaifi. Wannan mu bar masa haruffansa uku, tunda kowa ya san "gwajin DNA", in ana son bayani a ce "sinadarin gado".

Tagwaye na 23 ne ke yanke jinsin jariri. Zarurrukan wannan tagwaye iri biyu ne, X da Y: uwa X kawai take da shi ta bayar, uba ne ke bayar da X ko Y, kuma wanda ya zo daga gare shi ne ke sa a haifi mace ko namiji da ikon Allah. Da muna da kalmomin faɗin wannan a fili tun tuni, da an rage wa mata da yawa gorin haihuwar 'ya'ya mata.

Ma'aikaciyar jinya, Idi-Araba:

Malamai, ina gaishe ku. Ni na shigo wannan magana ne daga ɗakin masu amosanin jini, wato sikila, inda rashin kalma yake zama hawaye. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu wannan ciwo, ƙiyasin da aka saba kawowa shi ne jarirai kusan 150,000 a shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da S guda, wato alamar sikila da ake gada, a jininsa. A nan Idi-Araba, daura da asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, akwai cibiyar sikila ta ƙasa, mutanenmu kuma suna zagaye da ita, amma da yawansu ba su taɓa jin bayanin ciwon da harshensu ba.

Kwanakin baya wani magidanci ya kawo ɗansa mai shekara biyu, hannuwa da ƙafafu sun kumbura, yana ta tsala kuka. Da sakamako ya nuna SS, sai ya zaro wani kati da ya naɗe a leda daga aljihun gaban rigarsa, ya ce ai shi an gwada shi kafin aure. Na duba katin, O+ ne a rubuce. Rukunin jininsa aka gwada, wanda ake dubawa lokacin ƙarin jini, ba a taɓa duba masa sikila ba, shi kuma duka biyun "gwajin jini" ya san su. Mahaifiyarsa da ke tsaye a bayansa ta ce dama ta faɗa, daga dangin matar ne. Na zaunar da ita na ce, "Inna, yaro ba ya zama SS sai ya karɓi S ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba." Ta daɗe ba ta ce komai ba.

Don haka ina goyon bayan "ƙwayar gado", domin da ita zan iya cewa ƙwaya ɗaya ce tak, a kan zaren gado na 11, take ɗauke da umarnin haɗa wani ɓangare na himoglobin, sinadarin da ke ɗaukar iskar numfashi a jini, kuma harafi ɗaya ne ya sauya a cikinta. Wannan sauyi ke sa jajayen ƙwayoyin jini su lanƙwashe kamar lauje, su toshe ƙananan hanyoyin jini, su mutu cikin kwana 10 zuwa 20 maimakon kusan 120. Roƙona shi ne mu daina cewa mai AS, wato mai A ɗaya ta lafiya da S ɗaya, yana "ɗauke da cuta", domin jama'a na jin haka kamar ƙanjamau ko tarin fuka, har a guji cin abinci da shi. Mai AS lafiyarsa ƙalau a rayuwar yau da kullum, har ma wani masani mai suna Anthony Allison ya nuna a 1954 cewa S guda tana ba da kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, abin da ya sa ta yawaita a ƙasashenmu. A ce yana ɗauke da ƙwayar gadon sikila guda ɗaya. Sannan ina neman kalmar genotype, musamman tunda Jihar Kano ta kafa dokar gwaji kafin aure a 2024, iyaye kuma suna kira daga gida suna tambayarmu ma'anar abin da ke cikin takarda.

Malamin kimiyya, Agege:

Hajiya, Allah ya saka da alheri. Genotype shi ne nau'o'i biyun da mutum ya haɗa na wata ƙwayar gado, na uwa da na uba, don haka "haɗin gado" nake gani: AA, AS, SS, da kuma AC da SC (C wani nau'in himoglobin ne daban) waɗanda aka fi gani a nan ƙasar Yarbawa. "Rukunin jini" ya tsaya ga A, B, AB da O. Nau'in da ke bayyana ko da shi kaɗai ne mu kira shi "mai rinjaye", wanda kuma ba ya bayyana sai ya haɗu da ɗan'uwansa mu kira shi "mai ɓuya". Da wannan za a gane yadda iyaye biyu baƙaƙe ke haifar zabiya ba tare da an zargi kowa ba. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zama SS, biyu AS, ɗaya AA, kuma lissafin sabo ne a kowane ciki, domin na sha jin ana cewa in an haifi mai sikila ɗaya to uku na gaba sun tsira, wanda ba haka ba ne. Ya kamata kuma mu riƙa faɗa cewa ba kowace siffa ce ƙwaya ɗaya ke yankewa ba: tsawo da launin fata ƙwayoyin gado masu yawa ne ke haɗuwa a kansu, tsawo kuma har da abincin da yaro ya samu yana ƙarami.

Malamin Islamiyya, Obalende:

Na gamsu da misalin carbi, na kuma janye "jijiya". Sharaɗina ɗaya ne: a farkon kowane rubutu a kawo sunan cikakke, "ƙwayar gadon halitta", domin a kore gadon kwanciya da gadon dukiya, daga nan sai a ci gaba da "ƙwayar gado". Ilimin kansa a kira shi "ilimin gadon halitta". 'Yata, ki rubuto mini bayanin AS da SS da waɗannan kalmomi a shafi ɗaya, zan karanta wa iyayen yara ranar Asabar bayan La'asar, in ga inda za su tsaya su yi tambaya.