Yaya ake auna wuyar hanyar daji kafin a ɗauki ayarin motoci masu fowil, wato masu ja da tayoyi huɗu?

Mai Ayari:
Assalamu alaikum. Motoci shida ne za su shiga hanya mai rairayi da kwazazzaɓai da tsallaken rafi ɗaya. Biyu an ɗaga su da manyan tayoyi, huɗu yadda kamfani ya ƙera su suke. Da me ake gane hanya ta fi ƙarfin mota, kuma wane kaya ne dole kowa ya riƙe?

Tsohon Direba:
Wa alaikumus salam. Malam, wuri mafi muni a hanyar shi za ka auna, sannan ka gwada shi da motar da ta fi rauni a ayarin. Kilomita 40 na shimfiɗaɗɗiyar turɓaya da tudun dutse ɗaya mai tsayin gwiwa, hanya ce mai wuya. Lambobin da ake ba hanyoyi don nuna wuyarsu, daga 1 zuwa 10 ko launuka, ba ma'auni ɗaya ba ne a ko'ina, kuma ruwan dare ɗaya kan sauya komai.

Ka sunkuya ka auna tsayin kowace mota daga ƙasa zuwa tukunyar aksul, wato ƙullin ƙarfen da ke tsakanin tayoyin hagu da dama, don ita ce ke fara dukan dutse. Ɗaga jikin mota ba ya ɗaga wannan tukunya, taya ce kaɗai ke ɗaga ta, ita ma rabin ƙarin: daga inci 31 zuwa 33, inci ɗaya ka samu. Duk motar da ba ta da giyar 4L, wato giyar ƙarfi ta tafiya a hankali, kada ta shiga hawa mai duwatsu, kulocinta zai ƙone. Wadda ba ta da makullin aksul kuwa, wato abin da ke sa tayoyin hagu da dama su juya tare, da zarar taya ɗaya ta tashi sama ƙarfin injin can zai zube, tana ta juyi a iska, wadda ke ƙasa ko motsi.

Bakanike:
A ganina an fi kashe kuɗi a inda bai kamata ba. Rage iskar taya ya fi yawancin kayan ado amfani. A rairayi a sauke zuwa 15 ko 18 psi (ma'aunin iskar taya), a duwatsu 18 zuwa 22. Ƙasa da 15 taya na iya zamewa daga rim in aka murɗa sitiyari da ƙarfi. To wanda ya rage dole ya mayar kafin kwalta, in ba haka ba tayar za ta yi zafi ta fashe, saboda haka a riƙe kwamfuresa da geji. Kuma a cire fowil a kan kwalta in motar irin wadda ake sa wa da hannu ce, don gaba da baya za su riƙa ja da juna har wani abu ya ɓalle.

Batun jan motar da ta kafe, nan ake rasa rai. Kada a taɓa rataya igiya a ƙwallon jan tirela, yana karyewa ya tashi kamar harsashi. Sai a ƙugiyar da aka ɗaure a shasi musamman domin ja. Igiya mai talewa ƙarfinta ya zama ninki 2 zuwa 3 na nauyin motar da ta fi sauƙi cikin biyun da kayanta. Wadda ta yi ƙarfi da yawa ba za ta tale ba, fizga za ta yi. A ɗora bargo mai nauyi a tsakiyarta, 'yan kallo su ja da baya fiye da tsawon igiyar. Winci kuwa, wato injin jan igiya da ake ɗaurawa a jikin mota, ya zama mai iya jan aƙalla ninki ɗaya da rabi na nauyin motar. Amma kafin duk wannan, shebur. Haƙa gaban tayoyi na minti goma yakan sa ba sai an fizgi mota ba.

Hajiya Mai Taswira:
Ban yarda a raina winci ba, Malam Bakanike, a taɓo mai zurfi ba abin da ke maye gurbinsa. Amma ɗaya ko biyu sun ishi motoci shida, a sa mota mai winci ɗaya a gaba, ɗaya a baya, masu rauni a tsakiya.

Rafi a fara taka shi da ƙafa, in ruwan na ture mutum zai ture mota. A san inda injin ke shaƙar iska, domin ruwa ba ya matsuwa, in ya shiga kan fistin sandarsa ce za ta lanƙwashe. In mota ta mutu cikin ruwa kada a sake tayar da ita, a jawo ta. A kuma bar aksul ya huce kafin shiga, mai zafi yakan zuƙi ruwa ta hancin numfashinsa, man ya koma kamar madara.

Kowace mota da oba-oba, kowane direba shi ke kula da wanda ke bayansa, ya jira shi a mararraba. Hawa mota ɗaya-ɗaya. Wanda ya kasa hawa ya sa ribas ya sauko a miƙe, ƙafa nesa da kuloci, kada ya gwada juyawa a gicciye.

Mai Ayari:
Na gode ƙwarai. Biyu daga cikin huɗun nan ba su da ƙugiyar ja a gaba, sai an ɗaura musu tukuna.