Majinginar kai ta kujerar mota: ado ce ko kariya?

Ɗan Zazzau:
Assalamu alaikum. Na sayi mota 'yar Kwatano, sai na tarar majinginar kai ta kujerar direba a danne take har ƙasa, ta yadda idan na jingina, wuyana take tokarewa maimakon ƙeyata. Ta kujerar mai zaman banza kuwa babu ita sam, ramuka biyu kawai suka rage. Makanikina ya ce kayan jin daɗi ne, kada in ɓata kuɗina wajen neman wata. Tun da ina yawan bin hanyar Zariya zuwa Kano da iyalina, ina roƙon masana su bayyana mini gaskiyar lamarin, da kuma irin zaman da ya dace mutum ya yi a cikin mota tana tafiya.

Mai Gashin Ƙashi:
Wa alaikumus salam, Malam. Makanikinka bai ba ka shawara mai kyau ba, domin tun daga shekarar 1969 Amurka ta wajabta sanya wannan majingina a kujerun gaba na sababbin motoci, kuma ba don ado ta yi hakan ba. Amfaninta yana bayyana ne a lokacin da wata mota ta buge ka ta baya, ko da a cikin cunkoso ne ana tafiya a hankali. Kujera takan tura gangar jikinka gaba farat ɗaya, kai kuwa, da yake yana da nauyin kusan kilo 5 kuma wuya ne kaɗai ke riƙe da shi, sai a bar shi a baya, ya lanƙwashe, sannan ya fizgo gaba da ƙarfi. Wannan fizga ce ke yi wa jijiyoyi da gaɓoɓin wuya rauni, kuma sau da yawa mutum zai fito daga motar yana cewa lafiyarsa ƙalau, sai washegari wuya ya sanƙare, ciwon kai da jiri su biyo baya, wani ma ya yi watanni yana fama.

Yadda taka take a yanzu ya fi damuna, saboda majinginar da ta tsaya a wuya takan zama abin da kai zai lanƙwasa a kansa. Ka ɗaga ta har samanta ya yi daidai da saman kanka. Idan tsawonka ya hana ta kaiwa nan, to aƙalla ta wuce saman kunnuwanka. Sannan ka duba tazarar da ke tsakaninta da ƙeyarka: kada ta wuce santimita 10, kuma gara ta tsaya wajen santimita 5, wato faɗin yatsu uku. Bayan ka ɗaga ta, ka danna ta da tafin hannu ka tabbatar ta kulle, domin wadda ba ta kulle ba za ta zame ƙasa ne daidai lokacin da ake bukatarta.

Tsohon Direba:
Likita ya gama magana kan tsayi, amma tazarar nan ba za ta taɓa daidaita ba muddin ana kwantar da bayan kujera kamar yadda samarin yanzu suke yi, mutum yana tuƙi a kishingiɗe da hannu ɗaya. Ka miƙar da bayan kujerar, ka ɗan karkata shi kaɗan kawai, ka matsa da ƙugunka har ƙarshenta. Idan ka taka birki ko kuloci har ƙasa, gwiwarka ta kasance da ɗan lanƙwasa, kuma tsakanin ƙirjinka da sitiyari a sami aƙalla santimita 25, saboda jakar iska ta kariya da ke cikin sitiyarin tana fashewa ne da ƙarfin da zai iya karya haƙarƙari. Wanda ya kwantar da kujera sosai kuma yakan sulale ta ƙarƙashin bel idan aka yi karo, bel ɗin ya datse masa ciki.

Game da wadda ta ɓata, za ka samu a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, amma ka tafi da motar a gwada a gabanka. Ƙarafunan sun bambanta a kauri da tazara, kuma ba kowace ce za ta kulle a kujerarka ba ko da ta shiga ramin.

Maman Biyu:
Ina da ƙarin bayani da ya shafe mu mata, Malam, tun da uwargida ce za ta zauna a wannan kujera. Babban ɗaurin ɗankwali ko gashin da aka tufke a ƙeya yakan tura kai gaba, shi ya sa wasunmu suke sa a cire majinginar ko su kwantar da kujera don kada ɗauri ya lalace. Ni dai mayafi nake yafawa a hanya, in yi ɗaurina idan mun isa. Mai juna biyu ta sa igiyar bel ta ƙasa a ƙarƙashin cikinta, a kan ƙashin ƙugu, ta sama kuma ta ratsa tsakiyar ƙirji zuwa kafaɗa, kada ta mayar da ita ƙarƙashin hammata. Yara 'yan ƙasa da shekara 12 wurinsu baya ne, kuma rungume jariri a kujerar gaba haɗari ne babba, domin babu hannun da zai iya riƙe shi idan aka yi karo.

Ɗan Zazzau:
Na gode muku ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Saura tambaya ɗaya: majinginun baya suna tare mini madubi, ko zan iya cire su?

Tsohon Direba:
Idan babu kowa a baya, ka danne su ƙasa, da yawa daga cikinsu an yi su ne don su nutse cikin kujera. Amma duk ranar da babban mutum zai zauna, ka ɗaga masa tasa daidai da kansa kafin ka tayar da mota, ka dogara da madubin gefe.