Neman Kalmar Hausa: Wane Suna Ya Dace da Ekzima ta Jarirai?

Assalamu alaikum 'yan'uwa, musamman malaman jinya, ungozomomi da iyaye mata. Kalmar da nake so mu tsayar wa suna a yau ita ce ekzima, wato ciwon fatar nan da ke kama jarirai a kumatu da goshi, fata ta bushe ta yi kaushi, yaro ya yi ta goga fuskarsa a kafaɗar uwarsa ko a shimfiɗa saboda ƙaiƙayi, har barci ya gagare shi. Ciwon ba baƙo ba ne, domin a ƙasashe da dama yana kama kusan yaro 1 cikin 5, kuma fiye da rabin masu fama da shi tun a shekarar farko yake bayyana a jikinsu, galibi tsakanin wata 2 da wata 6 da haihuwa.

Wani zai ce a bar kalmar yadda take mana, tunda Hausa ba ta ƙyamar aro, ga asma nan ta zauna daram a bakin kowa. Da na yarda da hakan, ba don kalmar ta riga ta shigo mana da ma'anar da ba tata ba. Idan aka ce ekzima a yau, abin da mutane da yawa ke ji shi ne kyasbi, wato tabbunan nan masu haske da ke fitowa matasa da manya a wuya da ƙirji da baya. Kyasbi kuwa aikin wata ƙwayar fangas ce da ke zaune a fatar kowa, wadda kan yi yawa idan zafi da gumi da maiƙo sun haɗu, kuma ba kasafai yake ƙaiƙayi mai tsanani ba. To, uwar da likita ya ce wa ɗanta na da ekzima, ita kuma kyasbi ta fahimta, tana iya zuwa ta sayo man kyasbi, ko ɗaya daga cikin mayukan nan da ake haɗa magani uku a ciki, har da sitiroyid (maganin rage kumburi da ƙaiƙayi) mai ƙarfi, ta shafa wa jaririn wata 3 a fuska. Fatar jariri siririya ce, tana tsotse magani fiye da ta babba, kuma sitiroyid mai ƙarfi idan aka daɗe ana shafa shi yana ƙara sirantar da ita, yana kuma iya ratsawa cikin jini. Wannan ne ya sa nake ganin al'amarin ya wuce na ƙawata harshe, kuma shi ne dalilin da ya sa ban goyi bayan aro a nan ba.

Bari mu duba sunayen da muke da su a gida. Ƙazuwa ba za ta yiwu ba ko kaɗan. Wani ɗan ƙwaro ne da ido ba ya iya gani sosai ke kawo ta, yana haƙa rami a cikin fata, ana ɗaukarta daga mutum zuwa mutum, a jarirai takan fito har a tafin hannu da tafin ƙafa, kuma yawanci za a tarar wasu a gidan su ma suna susa da dare. Ekzima kuwa ba a ɗaukarta, ko da an kwana shimfiɗa ɗaya da mai ita, saboda haka kiran ta ƙazuwa zalunci ne ga uwar da za a riƙa janye yara daga jikin ɗanta. Makero shi ma fangas ne, yana yin da'ira, ana kuma ɗauka. Borin jini yana tasowa farat ɗaya, fata ta yi rudu-rudu, cikin 'yan sa'o'i wurin ya baje kamar ba a yi ba, alhali ciwon da muke magana a kai yakan yi makonni ko watanni yana lafawa yana dawowa.

Wadda ta fi ɗaukar hankalina ita ce kirci, kuma na san akwai masana a cikinmu da suka fi karkata gare ta, da hujjar cewa tsohuwar kalma ce ta ciwon fata mai ɓawo da kaushi, gajeriya kuma mai daɗin faɗa. Hujjar tana da ƙarfi, ina kuma girmama masu ita. Sai dai kirci ya shahara a matsayin ciwon fatar shanu, har likitocin dabbobi da wannan sunan suka san shi, kuma shi ƙwayar bakteriya ce ke kawo shi, yana yaɗuwa. Ina roƙon malamanmu su auna yadda sabuwar mai jego za ta ji idan aka ce mata ɗanta na fari yana da kirci. Ko dai ta ɓoye yaron don kunya, ko ta ƙi komawa wurin wanda ya faɗa mata. Sunan da majiyyaci ke jin nauyin furtawa ba zai yi aiki a asibiti ba, komai tsufansa a ƙamus.

Tunda babu tsohuwar kalmar da ta yi daidai, sai mu koma ga ciwon kansa. Asalin kalmar ekzima daga harshen Girka ne, tana nufin tafasa har abu ya yi ambaliya, saboda yadda fatar kan tsatso ruwa idan ciwon ya tashi. A shekarar 1923 wasu likitocin Amurka biyu, Coca da Cooke, suka ƙirƙiro kalmar atofi don bayyana halin jikin da ke saurin yin bori ga abubuwan da ba sa damun sauran mutane, sannan a 1933 Wise da Sulzberger suka jingina wannan ciwon fata ga atofi. Shi ya sa ake yawan samunsa a zuri'ar da ke da asma ko yawan atishawa da ƙaiƙayin hanci. A 2006 kuma masu bincike a Jami'ar Dandi da ke Sukotlan suka nuna cewa tawaya a ƙwayar gadon da ke sarrafa wani sinadarin fata mai suna filagirin na daga cikin manyan abubuwan da ke jawo shi. Abin da wannan ke nufi a sauƙaƙe shi ne, saman fatar yaron ya zama kamar tulun da ya tsage: ruwan ciki na zurarewa, ƙurar waje na shiga. Fata ta bushe, bushewa ta kawo ƙaiƙayi, susa ta ƙara farfasa fata, ƙaiƙayin ya ƙaru.

Saboda haka shawarata ita ce mu kira shi kaushin ƙaiƙayi. Kalmomi biyu ne da kowane Bahaushe ya sani, kuma su ne alamomi biyu da ba sa rabuwa da ciwon. Na kauce wa duk sunan da ke ɗauke da ja da gangan, domin littattafan likitanci da yawa sun siffanta ciwon da jan fata ne bisa abin da ake gani a farar fata, alhali a baƙar fata wurin yakan yi duhu ne, ko toka-toka, ko ya yi launin shunayya, bayan ya warke kuma ya bar tabo mai haske ko mai duhu na 'yan watanni, wanda shi ne ma yake ƙara sa a ɗauka kyasbi ne. Wani alherin sunan shi ne yana nuna hanyar magani da kansa, domin duk wanda aka ce masa fata ta yi kaushi ya san mai take buƙata, kuma shafa mai marar turare sau da yawa a rana shi ne ginshiƙin jinyar, tare da gajeren wanka na minti 5 zuwa 10 da ruwa mai ɗumi kaɗan, a shafa man kafin jiki ya gama bushewa, a rage sabulu, a yanke farcen yaro, a sa masa tufafin auduga.

Na san za a ce kaushi na ƙafa ne. Gaskiya ne can ya fi shahara, amma muna cewa hannu ya yi kaushi, fuska ta yi kaushi, har murya da magana, don haka kalmar ba ta ɗaure a dunduniya ba. Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne cewa a kumatun jarirai ciwon kan tsatso ruwa, yaya za a kira jiƙaƙƙen abu kaushi? Amsata ita ce tsatsowar ruwa mataki ne na tashin ciwon, sai mu ce kaushin ƙaiƙayi ya tashi, ko yana ruwa, amma bushewar tana nan a ƙarƙashi kafin tashin da bayansa. Ban so a ƙara masa "na gado" ba, ko da yake gado na da hannu, saboda ba kowane yaro ne ake samun mai ciwon a danginsa ba, kuma kalmar na iya buɗe ƙofar zargi tsakanin dangin uwa da na uba.

Sunan zai fi amfani idan muka raba shi da maƙwabtansa, kuma ma'aunin shi ne ƙaiƙayi. Ƙananan ƙurajen da ke fitowa a fuska mako 2 zuwa 4 bayan haihuwa, masu kama da na balaga, ƙurajen fuskar jarirai ya ishe su suna. Ba sa ƙaiƙayi, suna bajewa da kansu cikin 'yan watanni, kuma mai mai kauri ba ya taimaka musu. Fararen ɗigon da ke kan hanci, waɗanda kusan rabin jarirai ke zuwa da su, ba a matsa su, ba a shafa musu komai. Ɓawon nan mai maiƙo da ke mannewa a ka, amosanin jarirai ya dace da shi. Ƙurajen zafi suna da sunansu tuntuni, haka ma saɓar da jariri ke yi a makonnin farko, wadda ba ciwo ba ce.

Ga yadda nake jin maganar a bakin malamar jinya: "Maman yaro, kaushin ƙaiƙayi ne, ba kyasbi ba ne, ba a kuma ɗauka. Ki yawaita shafa masa mai, wannan maganin kuma iya wurin da ya tashi za ki shafa, na kwanakin da likita ya rubuta kawai." Sai ta ƙara mata da cewa idan wurin ya fara ɓawo ruwan ɗorawa ko ruwan zuma, ko yana fitar da mugunya, to ƙwayar cuta ta shiga, a dawo asibiti. Idan kuwa ƙananan ƙuraje masu ruwa iri ɗaya suka feso da yawa a kan kaushin, suna fashewa suna barin 'yan ramuka, yaro yana zazzaɓi ko ya ƙi nono, a kawo shi a ranar, ba sai gobe ba. Haka kuma duk jaririn da bai kai wata 3 ba, idan zafin jikinsa ya kai digiri 38, a garzaya da shi asibiti ko da wane irin ƙurji ne a jikinsa.