Wace kalmar Hausa za mu ba kod ɗin ɗakunan siginar reluwe?

Salamu alaikum jama'a, dan Allah masana Hausa a matso kusa. Kwana biyu ina ta karatu kan yadda ma'aikatan reluwe a Ingila suke magana tsakanin ɗakin sigina da ɗakin sigina ta wayar tangaraho tun ba a san wayar hannu ba, to kalmar da Turawa ke cewa kod ita ce ta tsaya min a wuya.

Abin iri biyu ne. Na farko ƙararrawa, mai sigina zai danna ɗan makulli sau ɗaya ƙararrawa ta buga a ɗakin da ke gaba, ma'ana malam saurara, wancan ya mayar masa, sai ya buga 4 a jere wato hanya a buɗe take ga jirgin fasinja mai sauri? In na fasinja ne mai tsaye-tsaye sai 3, ya ɗan dakata, sannan 1. Na gaba in ya yarda sai ya maimaita bugun daidai yadda ya ji. Bugu 2 jirgi ya shigo yankinka, wato layin da ke tsakanin ɗakunan biyu, 2 da 1 ya fita lafiya, in ko ka ji 6 to akwai abin da ya tare hanya, a tsayar da komai. Kuma rayuka ne a ciki wallahi, bayan hatsarin jirgin ƙasa na Armagh a Ireland a 1889 da ya ci mutum 80, da yawansu yara, aka yi dokar da ta tilasta wa layukan fasinja tsarin jirgi ɗaya a yanki ɗaya.

Wani ya ce min a ce lambar sirri. Ban yarda ba gaskiya, babu sirri a nan, a littafin aiki aka buga su kowane ma'aikaci ya haddace. Zaurance ma haka, don a ɓatar da mai sauraro ake yinsa, wannan ko so ake a gane nan take.

Ni dai kalmar take nake gani ta dace. Makaɗi in ya saki taken sarki a tambari ko na mahauta a kalangu ba wanda ya furta kalma amma duk ɗan gari ya san abin da ake faɗi, to haka mai sigina yake jin 3 da 1. Taken ƙararrawa kenan.

Na biyun kalmomi ne na taƙaita saƙo, kamfanin reluwe na Great Western yana ce wa taragon birki Toad wato kwaɗo, na madara Siphon, dogon nan mai ɗaukar kaya masu nauyi Crocodile wato kada. Wannan kam inkiya ce, mu ce inkiyar tangaraho.

Jirgi ya iso Kano tun 1911, in akwai mai kaka ko baba tsohon ma'aikacin reluwe a Zariya ko Kaduna a taimaka a tambayo mana yadda su suke kiran abin a bakinsu, in suna da tasu kalmar ita zan ɗauka in ajiye tawa.