A taimaka: me za mu kira "bisaral fat" da Hausa?

Mai Shiri: Assalamu alaikum. Gobe da ƙarfe 4 ina da shirin lafiya a rediyo, takardar da likita ya turo min kuwa cike take da "bisaral fat". Kitsen da ke taruwa can ciki ne, kewaye da hanta da hanji, ba wanda ake iya mintsina a ƙarƙashin fata ba. Na ce masa teɓa, ya ce a'a, siriri ma yana tara shi.

Anti Nas: Gaskiyarsa. Amma ƙanwata, kar ki tsorata mutane da kitse gaba ɗaya. Shi ne rumbun kuzarin jiki, shi ke tallafe ƙoda, macen da nata ya yi ƙasa sosai har al'adarta ɗaukewa take yi. Na cikin ne fitina, don abin da yake fitarwa hanta yake zarcewa kai tsaye, shi ya sa ake danganta shi da ciwon suga. Mu a wurin aiki "kitsen ciki" muke cewa.

Ɗan Fagge: Anti, kina cewa kitsen ciki kowa tumbin Alhaji zai hango. A leƙa abbatuwa a ji bakin mahauta. Kitsen kayan ciki, shi ke nan.

Malam Na Gwale: Subhanallahi! Mutum ne fa, ba rago ba. Kalma uku kuma? Wannan bayani ne, ba suna ba. Tun bara na ƙirƙiro KITSANJI, wato kitse da hanji.

Ɗan Fagge: Allah gafarta Malam, kitsanji kamar sunan unguwa a bayan Dawanau.

Malam Na Gwale: Abin da ke kashe harshenmu ke nan. Da Bature ne ya ƙago ta da tuni kun haddace.

Anti Nas: Malam, ita kalmar Baturen daga Latin aka aro ta, ma'anarta kayan ciki. Su ma ba su ji kunyar mahauta ba. Kuma ina ka bar hanta?

Malam Na Gwale: Hanji ya wakilce ta.

Mai Shiri: Ku yi haƙuri, akwai saura. Likitan ya ce a auna "wes": namiji in ya kai santimita 94, mace 80, haɗari ya fara. Ƙugu zan ce?

Anti Nas: Kul! Mata za su sa tef a ƙasa, lissafi ya ɓaci. Ki ce kewayen ciki, ɗan saman cibiya. Wanda ba shi da tef ya yanki igiya daidai tsawonsa ya ninka biyu, in ba ta zagaye cikinsa ba ya nemi likita.

Mai Shiri: Na gode Anti. Zan tafi da "kitsen kayan ciki". Malam a yafe ni.

Malam Na Gwale: Ki je da shi tunda sauri kike. Ni dai a ajina kitsanji zan rubuta a allo.