Fankar bayan tsohon firjina ta tsaya: in canza injinta ko in haƙura da firjin?

Abban Yara: Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda abin ya taɓa faruwa da su. Firjina mai ƙofa biyu ne, firiza a sama, shekararsa 22 a hannuna. Kwana huɗu ke nan sanyi ya ja baya. Kwamfiresa, wato injin da ke tura gas ɗin sanyi, takan tashi ta yi kamar minti uku, sai in ji "ƙas", ta mutu, can an jima ta sake tashi. Tsakanin ƙofofin nan biyu kuwa zafi, hannu ba ya iya daɗewa a wurin. Na zare fulogi, na kwance murfin baya na ƙasa, sai na tarar ƙaramar fankar da ke kusa da kwamfiresa ba ta juyawa. Na tura fiffiken da yatsa, da ƙyar ya motsa, yana cijewa. Ta cikin firiza lafiyarta ƙalau, ina jin iskarta. Ƙura kuma na share ta tas. An ce min an daina yin irin injin fankar da ya zo da shi. To in sayi na gama-gari in ɗaura da kaina, ko in kira mai gyara, ko kuwa shekara 22 ta isa in nemi sabo? Idan na gama-garin ne, me zan duba a takardar da ke jikin tsohon?

Autan Gida: Wa alaikumus salam. Yaya, gas ne ya ƙare. Namu ma haka ya yi, aka ɗura masa, shi ke nan.

Uwar Biyu: Ka share ƙurar baya tukuna. Ƙura ce ke kashe firji.

Abban Yara: Hajiya, ai na ce na share. Fankar ce ba ta juyawa.

Sarkin Zolaya: Shekara 22? Malam, firjin nan ya girmi rabin waɗanda za su ba ka shawara a nan. Ka biya shi kuɗin sallama ya je ya huta.

Mai Gyaran Sanyi: Auta, bar maganar gas. Mutum ya ce fiffike na cijewa, ai ya riga ya kama ɓarawon. Malam, ga abin da ke faruwa. Fankar nan ita ke jan iska ta bi ta cikin bututun kondensa, ta kwashe zafin da aka ɗebo daga cikin firji, ta kuma fifita kwamfiresa. In ta tsaya, zafi ya rasa hanyar fita, kwamfiresa ta ɗau zafi, sai abin kariyar da ke jikinta ya yanke wuta. "Ƙas" ɗin da kake ji ke nan. Kafin ka kashe ko sisi, ka kawo fankar tebur ka saita ta a bayan firjin da murfin a buɗe, ka kunna su tare. In kwamfiresa ta daina yankewa, sanyi ya dawo cikin 'yan awoyi, ka tabbata injin fanka ne kaɗai matsalarka. Amma kada ka ci gaba da barinsa a kunne ba iska, kowace yankewa tana rage wa kwamfiresa kwana.

Gwaggon Kowa: Ɗana, ka saurare ni da kyau, don ni na ga abin da ya ishe ni. Firjin da na gada daga mahaifina ne, Allah ya jiƙansa, ya fi naka tsufa nesa ba kusa ba, bai taɓa ba mu matsala ba sai ranar da ya fara wannan "ƙas, ƙas" ɗin. Na kira wani mai gyara. Ko durƙusawa bai yi ya leƙa ƙasa ba, ya ɗora tafin hannu a jikin firjin ya ce gas. Ya yanke bututu, ya ɗura, ya yi walda, ya karɓi kuɗinsa. Kwana biyu abu ya dawo. Ya ce ai akwai inda ke yoyo, ya sake ɗurawa, ya sake karɓa. Karo na uku ya ce kwamfiresa ce ta gaji. Ina tsaye ya cire ta asali, wadda ta yi shekara da shekaru tana aiki, ya sa wata tsohuwa da ban san daga ina ya samo ta ba, ya tafi da tawa wai ba ta da amfani. Sai da jikana ya kwanta a ƙasa da tocila ya ce, "Kaka, fankar nan fa ba ta motsi." Ashe tun farko ita ce! Na kira mutumin, ya zo yana ƙunƙuni, ya ɗaura wani inji. Yana juyawa kam, amma ashe baibai yake juyawa, iskar ba ta bin inda ya kamata. Wata ɗaya ba ta cika ba kwamfiresar da ya sa ta ƙone. Na neme shi, ya daina ɗaga waya. Har yau firjin na nan a kusurwa, na kasa jefar da shi, duk sanda na wuce sai raina ya ɓaci. Ba kuɗin ne ke ci min rai ba, kayan mahaifina ne aka lalata min a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Uwar Biyu: Kai, Gwaggo, Allah ya saka miki. Wannan ai zalunci ne.

Autan Gida: To ta asalin da ya tafi da ita fa? Wallahi lafiyarta lau, sayar da ita ya yi.

Gwaggon Kowa: Ni ma abin da zuciyata ke gaya min ke nan, amma ban gani da idona ba. Na bar shi da Allah.

Injiniya 07: Gwaggo, in firjin ya tsufa haka, mai yiwuwa gas ɗinsa R12 ne, wanda aka yi ta janyewa bayan yarjejeniyar Montreal ta 1987 saboda illar da yake yi wa sararin samaniya. Wanda ya maye gurbinsa, R134a, ba ya jituwa da man da ke cikin tsofaffin kwamfiresa. In shi ya ɗura miki kai tsaye, ya fara kashe firjin tun ranar farko. Shawarata ga mai tambaya: ka sayi sabo. Tsofaffin nan suna shan wuta fiye da na yanzu sosai, abin da za ka rage a kuɗin wuta zai rama maka a hankali.

Mai Gyaran Sanyi: Injiniya, mutum zai yar da firji mai lafiya saboda injin da ke cika tafin hannu? Kuɗinsa bai kai kashi ɗaya cikin ashirin na sabon firji ba.

Baƙon Dandali: Ina ka samo wannan lissafin? Ni da na nemi na asali, wanda ya dace da lambar firjina, sai da ya kusa cin kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin sabo, in an haɗa da na aikowa.

Uwar Biyu: Mu kuma kuɗin aiki ya ninka na injin sau biyu.

Ɗalibi Mai Naci: Ni kyauta na gyara namu. Na ga bidiyo a YouTube, na kwance injin, na ɗiga man keken ɗinki a jikin sandar da ke juya fiffiken, ya dawo yana juyawa kamar sabo.

Mai Gyaran Sanyi: Yau wata nawa?

Ɗalibi Mai Naci: Sati uku.

Mai Gyaran Sanyi: Ka dawo bayan wata uku mu ji labari, ƙanena. In bushin da sandar ke juyawa a ciki ya riga ya cinye, mai lallashi ne kawai. Zai kai ka ka samo sabo, ba zai wuce nan ba.

Ɗalibi Mai Naci: Ku dama ba ku son mutum ya iya da kansa, don kada kasuwa ta mutu.

Mai Gyaran Sanyi: Shekara 19 ina wannan aiki, ni ne kuma na fara ce masa ya gwada da fankar tebur kafin ya kira kowa. Malam Abban Yara, za ka iya da kanka, aikin ba ya taɓa gas ko kaɗan. Ka duba ƙarfin wutar da aka rubuta: in 220 zuwa 240 ne, kada ka yarda a ba ka na 115, nan take zai ƙone. Ka duba wat da saurin juyawa su yi kusa da na tsohon, kaurin sandar ya dace da fiffikenka, ramukan sukuru su hau. Sai babban abin da ya kashe na Gwaggo, wato ɓangaren da yake juyawa. Za ka ga CW ko CCW, bin hannun agogo ko saɓaninsa. Irin wannan ƙaramin injin ba ya sauya hanya don ka musanya wayoyinsa biyu, kifa fiffiken ma ba ya juyar da iskar, rage mata ƙarfi kawai yake yi. Ka ɗauki hoton wayoyin kafin ka zare, ka mayar da robobin da ke ƙarƙashinsa don kada ya dame ka da ƙara, fulogi kuma a cire.

Injiniya 07: Shekara 19 ba ita ce hujja ba. Wanda ya yi wa Gwaggo aiki ma in ka tambaye shi zai ce shekararsa 30.

Sarkin Zolaya: Injiniya da mai gyara sun kama, firji na can yana "ƙas, ƙas" yana jiran hukunci.

Baƙon Dandali: Ni abin da ke ƙona min rai shi ne wannan "gas ya ƙare". Gas ɗin firji a rufe yake ruf, zagayawa kawai yake yi, ba ƙonewa yake kamar na girki ba. In ya ragu, to akwai huda, wanda kuma ya ɗura bai toshe hudar ba ya san sarai za a sake kiransa.

Autan Gida: To namu da aka ɗura ai ya yi sanyi.

Baƙon Dandali: Sau nawa aka ɗura?

Autan Gida: Sau biyu a bana.

Uwar Biyu: Ka ji ko! Mu ma na'urar sanyaya ɗaki haka suke mana, duk shekara gas.

Gwaggon Kowa: Kuma ka ce su nuna maka inda ke yoyon, sai su hau fushi wai ka raina sana'arsu.

Mai Gyaran Sanyi: Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba, Gwaggo. Amma ban musa ba, akwai masu yi. Firjin yanzu ma abin ya fi haɗari, don da yawansu gas ɗin R600a ne a ciki, mai kama wuta, ka ga yaro ya kunna wutar walda a kai ko tagar ɗaki bai buɗe ba.

Injiniya 07: Shi ya sa nake cewa a riƙa tambayar mutum takardar shaidar koyon aiki kafin a bar shi ya taɓa bututu.

Abban Yara: Na gode ƙwarai, jama'a. Na gwada fankar tebur tun la'asar, kwamfiresa ba ta yanke ba ko sau ɗaya, ruwa ya fara ƙanƙara a firiza. Saura abu guda: a jikin tsohon an rubuta CW, amma ta ina ake kallonsa, ta bakin sandar ko ta bayan injin? Na ga guda biyu iri ɗaya, ban san wanda zan ɗauka ba.

Ɗalibi Mai Naci: Takarda, Injiniya? Wanda ya fi kowa iya gyara a cikin waɗanda na sani ko sunansa ba ya iya rubutawa.

Gwaggon Kowa: Wanda ya kashe min nawa har da takarda a cikin gilas ya rataye a bango.