Cigiyar kalma: me za mu ce da “simulation” na masu ciwon daji?

Salamu alaikum jama'ar Zango, na Kumasi da na Accra da duk inda wannan ya iske ku. Cigiya nake yi, amma ta kalma.

Ni ɗan Aboabo ne. Duk ɗan'uwan da ya gangaro daga arewa neman magani a gidanmu yake sauka, kuma ni ake haɗawa da shi zuwa asibiti tunda ina jin Turanci da Tonanci. Haka na zama tafinta ƙarfi da yaji. Watanni biyu da suka wuce ƙanwar babana ta zo daga Bawku. Dajin nono ne, ya daɗe, har ya kai ƙashin ƙugu, salla ma a zaune take yi. Likita bai yi mana rufa-rufa ba. Ya ce yanzu ba maganar warkewa ake ba, za a haska wurin ne da injin maganin haske, wato “radiotherapy”, don zogin ya lafa ta samu barci. Sai ya ce mu dawo ran Talata a yi “simulation”.

Na juya na ce, “Goggo, ran Talata za a yi miki gwaji.”

Ta ƙura mini ido. “Ɗan nan, gwajin me kuma? Jinin da suka ɗiba bai ishe su ba? Ko injin za su gwada a kaina?”

Daren nan ba ta runtsa ba, kuma ba ƙugun kaɗai ne ya hana ta ba. Bakina ne ya jawo.

Bari in faɗi abin da ake yi a ranar tukuna, kada mu raɗa wa jariri suna ba mu ga fuskarsa ba.

An kwantar da ita a gadon na'urar CT, mai ɗaukar hoton cikin jiki. Ba irin gadon da aka ɗauke ta hoto a kai can baya ba ne, wancan yana da ɗan lotsawa a tsakiya. Wannan shimfiɗaɗɗe ne kamar teburin tela, domin gadon injin hasken ma haka yake, kuma so ake yadda ta kwanta yau haka za ta kwanta ranar magani, ba ƙari ba ragi. Aka tura mata matashi ƙarƙashin gwiwoyi, aka ɗora hannuwanta a ƙirji, aka tambaye ta ko za ta jure wannan kwanciyar ba motsi. Daga bango da rufi wasu siraran layukan haske suka gicciya a jikinta. Ma'aikaciyar ta bi mahaɗarsu ta ɗiga alama uku, dama da hagu da kan mara. Sai aka fitar da ni aka ɗauki hoton. Wanda ciwonsa ke kai ko wuya, roba mai raga-raga ake tausasawa a ɗora masa a fuska, in ta huce ta riƙe siffarsa. Ita ba ta buƙaci wannan ba.

A ranar nan babu abin da aka yi wa ciwon. Ko kaɗan.

Babban aikin ma sai bayan mun hau trotro aka fara shi. Hoton CT yanka-yanka yake fita kamar burodi, likita ya bi shi yanki bayan yanki a kwamfuta yana zagaye ƙashin da ciwon ya ci, sannan ya zagaye abin da ba a so haske ya yi masa yawa, wato hanji da mafitsara, in kuma a gadon baya ne, laka da ƙoda. Masanin fiziks na asibitin ya lissafa ta ina hasken zai shiga da yawan da zai isa wurin. Ga wanda sassauci ake nema masa ba a cika tsawwalawa ba, sau da yawa ƙofa biyu ce, ta gaba da ta baya. Ma'aunin hasken sunansa gire, daga sunan wani masanin Ingila, Louis Harold Gray. Ciwon ƙashi ana iya ba shi gire 30 a zama 10, ko 20 a zama 5, ko 8 a zama ɗaya tak, kuma bincike ya nuna wajen kwantar da zogi zama ɗayan bai gaza sauran ba, sai dai masu zama ɗaya sun fi dawowa neman ƙari. Goggo zama ɗaya aka yanka mata. To ku duba: in sau ɗaya za a haska, babu goben da za a gyara kuskure. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da nake so kalmar ta ɗauka ke nan. Tsohuwa ta ji ta, ta san yau ba a ba ta maganin ba tukuna, akwai dawowa, kuma kada ta sa soso ta dirje alamun. Cibiyar haske ta Korle Bu an buɗe ta a 1997, ta Komfo Anokye, asibitin da tsofaffinmu ke ce wa Gee, a 2004, kuma mutanenmu na can sama nan suke gangarowa. Wanda ya kwana a mota daga Bawku, in ya zaci an gama masa ya koma gida, ba ƙaramin abu ne zai dawo da shi ba. Ina sauraron ku.

Bayan isha. Na gode, amsoshi sun zo da yawa.

Wani malamin makaranta daga Nima ya ce ƙamus “kwaikwayo” ya ba shi. Malam, da gaskiyarka ta fuskar asali, domin a da akwai inji na musamman da aka ƙera ya kwaikwayi injin magani, siffa ɗaya, juyi ɗaya, amma hoto kawai yake ɗauka, daga nan sunan ya fito. Sai dai ka ce wa mara lafiya ta zo ran Talata a yi kwaikwayo, ai ta ɗauka wasa ake da ranta. Wani baba tsohon soja ya kawo “atisaye”. Baba, a yi haƙuri, Goggo ba fareti za ta ba.

Wata anti nas daga Asawase ta ce su “hoton shiri” suke cewa. Wannan ya fi duk na baya, na jima ina juya shi. Matsalata da shi kalmar hoto ce. Kafin mutum ya iso wannan mataki an yi masa hoton ƙirji, hoton ciki, wani har da hoton ƙashi, wanda ake yin allura a jira awa biyu ko uku. Duk waɗancan neman ciwo suke yi. Da ka ce hoto, abin da zai biyo baya shi ne “me suka gani?”, alhali wannan ba don gani aka yi shi ba, an riga an gani.

Anti ta kuma ce lallai in saka wannan, kuma ta yi daidai. Mai ciwon daji in ya fara jin ciwon baya mai ɗaure shi kamar ɗamara, ƙafafu suka yi nauyi ko suka mutu, fitsari ya riƙe ko ya kufce, kada a jira ranar da aka rubuta a kati. Mai yiwuwa ciwon ne ya danne laka. A kai shi a ranar. Hoton MRI, mai nuna laka sosai, ake nema, kuma a irin wannan halin gaggauta komai ake yi, domin wanda aka yi wa magani yana iya takawa shi ya fi samun ci gaba da takawa.

Da safe. Yayana tela ne, jiya yana guga yana jin ina karanta amsoshin. Ya ce, “Kai, duk abin nan da ka faɗa ai awo ne. Mutum ya zo, ka auna shi, ka ja alli a yadi, ya tafi. Wa ya taɓa zuwa awo ya zaci da riga zai koma?” Na ce shi ke nan an gama. Matan gidanmu kuwa suka kwashe da dariya, wai in je in faɗa wa mutanen Bawku cewa Goggo, da jikoki tara, ta fara zuwa awo. Na manta da awon ciki sam. Ga kuma awon hatsi. Ashe kalmar tana son abokiyar tafiya.

Abokiyar daga Suame Magazine ta fito. Wani maigida makanike ya aiko da murya ya ce su in sun sa wa mota fitila sai sun yi mata saiti, a tsayar da ita gaban bango a ɗaga a sauke, har hasken ya sauka kan hanya bai shiga idon mai tahowa ba. Ya ce abin da likitocin nan suke yi ke nan, ciwon shi ne hanya, laka ita ce idon mutane. Wallahi ban ji bayanin da ya kai wannan ba, har a asibiti.

Awon saiti, ke nan.

Malamin Nima ya dawo ya ce saiti aro ce daga Turanci. Haka ne, Malam, asibiti da likita ma aro ne, kuma babu tsohuwar da ta taɓa neman a fassara mata su. Wata ta ce saiti na tuna mata bindiga. Na yarda akwai wannan, amma awo da ke gaba yana sanyaya shi. Masu cewa in fara sasanta rigimar sunan maganin kansa, “gashi” ne ko “haske”, kuwa, wannan zaman daban ne. Ni dai haske nake cewa, saboda da an ce gashi ko ƙonawa sai ka ga mutum ya fara neman takalminsa, alhali lokacin da injin ke aiki babu zafin da ake ji, kuma hasken ba ya zama a jiki, ana fitowa za a iya ɗaukar jika a goya.

Daɗin kalmar, tana haihuwa. Alamun nan su zama ɗigon saiti, aikin kwamfuta ya zama zanen saiti.

Yau Alhamis na gwada ta. Na raka wani maƙwabcinmu, a benci muka tarar da wani dattijo ɗan Yendi da takarda a hannu, ɗansa ya tafi biyan kuɗi. Ya miƙo mini ya ce in duba masa. Na ce, “Baba, yau awon saiti za a yi maka.” Ya ɗan yi shiru, ya ce, “To, yau tela ne kawai, ɗinki sai wani zuwan.” Sannan ya tambaya ko zai iya wanka. Na ce ruwa ba laifi, dirzawa ce ba a so, amma ya sake tambayar ma'aikaciyar in ya shiga, don alamun wani wuri na alƙalami ne, na wani wuri ɗigo ne da ba ya fita.

Masu tambayar Goggo, na gode. Kwana biyun farko bayan hasken zogin ƙaruwa ya yi, dama an gaya mana hakan na faruwa, aka ƙara mata magani. Cikin mako na uku ta fara barci har asuba. Ta koma Bawku ran Lahadi, ta bar sallahu in aika mata da irin matashin nan na ƙarƙashin gwiwa, yayana ya ce zai ɗinka.